Muryar Inna a Cikin Kaset

Jikata ce ta ɗauko ni daga asibiti a motarta. Muna cikin cunkoson hanyar da ta gangara kwarin Aƙiƙ a nan Madina sai ta kunna irin waƙar nan ta samarin Amurka, wadda ba rerawa ake yi ba, magana ce ake jerowa da sauri kamar maroƙi ya hango mai kuɗi. Ban kula ba da farko, kunnena ya daɗe da daina bin abin da yara ke ji. Can sai na tsinkayi wani abu a ƙarƙashin maganar. Kukan namiji ne gajere, ƙahonin busa suka amsa masa, ganga ta faɗi, sai kukan ya sake dawowa yadda yake, ya sake dawowa, kamar jakin da aka ɗaure a turke yana zagaye. Na ce ta mayar da ita baya. Ta amsa mini da Larabci, kamar yadda suke yi duk da suna jin Hausa sarai, ta ce sabuwar waƙa ce, bana ta fito. Na ce mata wannan kukan ya girmi uwarta. Da muka tsaya a danja ta lalubi wayarta, ta yi dariya ta ce ashe gaskiyata ce, daga wata tsohuwar waƙa aka yanko shi, mai kukan ma ya daɗe da mutuwa. Na tambaye ta ina sauran waƙar. Ta ɗaga kafaɗa. 

Inda na fara jin wannan kukan babu shi yanzu a bayan ƙasa. In ka je wurin, otal ne mai gilashi, da masu gadi, da motocin alhazai jere. A da hoshi ne, wato zagayen gidajen laka da baƙin dutse masu ƙofar shiga guda, kuma kusan duk mu ne a ciki, Takaru, jikokin waɗanda suka zo aikin hajji da ƙafa suka zauna. Abin da na fi tunawa da wurin ba kamanninsa ba ne, ƙararsa ce. Garwanin mai ruwa suna karo da juna a kan sandarsa, fukafukan tattabaru in sun tashi gaba ɗaya daga rufi, turmi daga gidan Damagarawa, kirarin mai tallar balila, dafaffen waken nan na Larabawa, tsohuwar da ke zagin jikokinta da Hausar Sudan su kuma suna ramawa da Larabci. Ba mu da bukatar agogo, kiran sallar Harami yana shigo mana har madafa. Aikina tun ina ƙarama shi ne hura gawayi in gasa fatun duffi, gangar nan mai fuska ɗaya da mutanen ƙasar Hausa ke ce wa mandiri. Sai ka riƙa juya ta a saman wuta kana ɗanɗana ta da yatsa, har ta bar cewa buf ta koma cewa tan. In ka yi sakaci fatar ta tsage, ranar za ka san Inna tana da hannu. Yanzu ina zaune a bene, ba abin da nake ji sai gunjin na'urar sanyi. Maƙwabciyata ta rasu bara, sai da na ga takalma a ƙofarta na sani.

Innarmu daggaga ce, haka ake kiran mata masu kiɗan biki a nan. A can gida ƙasar Hausa da zabiya za a ce mata. Babanmu mai ruwa ne, ya rasu ina goye, don haka da duffi da maƙogwaronta ta raine mu, ni da Yayana. Tana da ƙungiyar mata da ke amsa mata, yawancinsu zawarawa, kuma duk abin da za su ci daga muryarta yake fitowa. Manyan gidajen Madina ba sa aurar da 'ya sai da mu, amma ta ƙofar baya muke shiga, kuma sai an gama ci ake miƙo mana tire. Inna ba ta taɓa nuna abin ya dame ta ba. Tana rera waƙoƙin nan Hijaz, tana rera na Yaman, sai ta tsoma Hausa a tsakiya ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Ta kan ɗauki kan waƙar daka ta ɗora a kan kiɗan Larabawa, ko ta ɗauki amshin da ta ji wajen matan Jawa masu zuwa daga can gabas mai nisa a lokacin hajji ta sa masa namu kalmomin. In aka ce mata wannan ai na wance ne, sai ta ce ba a kafa kindirmo sai da tsamin jiya. Amma tana da ƙa'ida guda. Duk waƙar da ta ɗebo daga wani wuri, sai ta gaya mana mai ita, da garinsu, da abin da ya sa aka yi ta. Ta ce wanda ya ari tukunya ya manta gidan da ya aro ta, ɓarawo ne da bai sani ba.

Babbar waƙarta ta kakarmu ce, ita ake yi in za a shigo da amarya. Tana farawa da cewa, "Ayye ɗiyar mutane, taka a hankali, ƙasar ba taku ba ce." Larabawa ba sa jin ma'anar, daɗin muryar suke bi. Mu kuwa mun san ba amarya kaɗai ake nufi ba. Kaka ta tsara ta ne a hanya, kuma baitocinta suna bin tafiyar zango zango, daga Damagaram zuwa bakin tafki, zuwa gonakin audugar Sudan inda suka tsaya suka yi ƙwadago har ta haihu ta binne, zuwa gaɓar teku inda aka loda su a jirgin katako kamar buhuna. Doguwar waƙa ce ƙwarai, ba a taɓa kai ƙarshenta a biki ba. Inna takan ƙarasa mana ita ne a gida, in muna tsince shinkafa, kuma akwai wuraren da take tsayawa ta yi shiru na ɗan lokaci kafin ta ci gaba. Na ɗauka numfashi take mayarwa. Sai da na girma na gane a wuraren da aka binne wani ne.

Yaya ya sami aiki a filin jirgi, yana sauke kayan alhazai daga cikin jirage. Da albashinsa na farko ya sayo rakoda mai baki biyu, irin wadda ake sa kaset a wannan gefe a kwafe shi a wancan. Abokan aikinsa masu zuwa Jidda su ke kawo masa kasakasan baƙaƙen Amurka, maza masu tarin gashi da mata masu murya kamar an buɗe rijiya. Ba ya jin Turanci, mu ma haka. A lokacin gari ya fara tsuke fuska game da kiɗa, shagunan da ke sayar da waƙa a fili sun mayar da ita ƙarƙashin kanta sun jera wa'azi a sama, don haka a ɗaki yake ji, ƙasa ƙasa. Na yi zaton Inna za ta hana. Wata rana tana yankan kuɓewa sai na ga wuƙar ta tsaya. Wannan mai kukan ne ke waƙa, mata suna amsa masa, ya jefa su cafe, ya jefa su cafe. Ta ce wa Yaya ya ƙara murya. Da aka zo wurin da kowa ya yi shiru aka bar mai ganga shi kaɗai, sai ta ajiye wuƙar ta fara buga cinyarta, ba ta kuskure ko sau ɗaya ba.

"Wannan ai lugude ne," in ji ta. "Taɓarya uku a turmi ɗaya. Wa ya koya musu?"

Yaya ya ce ai kakanninsu daga ƙasashenmu aka kwashe su, a jirgin ruwa, a ɗaure.  Inna ta ce ita dama ta ji, don mutumin da ke cikin gidan ubansa ba ya irin wannan kukan ko da yabon mace yake yi. Tun daga ranar, in ta ga Yaya ya dawo da sabon kaset, sai ta ce ya sa mata 'yan uwan nan nata ta ji.

Bayan wasu shekaru Yaya ya haɗu da wani baƙin Ba'amurke da ya musulunta ya zo karatu Madina. Jakarsa ce ta ɓata a filin jirgi, Yaya ya yi ta fama har ya gano masa ita, suka saba. Mutumin ya bar kiɗa, amma a jakar akwai wani kaset da ƙaninsa ya cusa masa, ya ba Yaya don ya rabu da shi. Wannan ne karo na farko da muka ji waƙar magana. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne mun san gangar da ke ƙarƙashinta, ita ce dai luguden nan da Inna ta bi da cinyarta, sai dai a nan ba ta ƙarewa. Da gurgun Larabcinsa mutumin ya yi wa Yaya bayani. Ya ce a unguwarsu samari ba su da halin sayen ganga ko ƙaho, abin da ke gidajensu kawai tsofaffin fayafayan iyayensu. Sai su sami faifai iri ɗaya guda biyu, su nemo daidai gurbin da ganga ta rage ita kaɗai, in na wannan ya ƙare su saki na wancan, su mayar da na farko baya, haka har rawa ta ishi kowa, wani kuma ya kama makirfo yana zuba kirari a kai. Ya ce su ma iyayen nasu daga waƙoƙin ibadarsu suka ɗebo, waɗancan kuma daga waƙar gona ta zamanin bauta. Da Yaya ya kawo wa Inna labarin, ta ce to ai sana'arta ce, bambancin kawai ita da baki take ara, su da hannu. Sai ta tambaya ko suna faɗin sunan mai gangar. Yaya ya ce bai sani ba.

Yaya ba shi da faifai, amma ya gano rakodarsa za ta iya. Sai ya sa kaset a baki ɗaya, ya ɗauki guntun gangar a ɗaya bakin, ya danna tsayawa, ya mayar da na farko baya da biro, ya sake ɗauka. In yatsansa ya makara da ƙiftawar ido, kiɗan ya yi tuntuɓe, sai ya goge ya faro. Yakan ɓata yinin Juma'a guda a kan abin da bai fi tsawon shan shayi ba. A cikin wannan zumuɗi ne ya matsa wa Inna ta bari ya ɗauki muryarta. Ba ta so, ta ce murya ba tufafi ba ce da za a cire a rataye. Ranar da ta yarda, da la'asar ne a madafa, ta fara waƙar Kaka ba kiɗa ba amshi. Ta faɗi rabin layin farko, tana shiga rabi na biyu mai ruwa ya buga ƙofa da garwaninsa, yara suka biyo shi da ihu. Ta yi dariya ta ce to Allah ma bai nufa ba, ta tashi ta buɗe masa. Ba ta sake zama gaban rakodar ba.

Dishewar ta fara ne bayan wani aikin hajji. Muka ce ƙurar alhazai ce, kowa yana tari a wannan lokacin. Aka sha zuma da habbatussauda, aka sha zamzam, aka yi turare. Muryar ta riƙa tafiya kamar ruwan randa mai tsaga, kullum ka duba ka ga ya ragu. Da Yaya ya kai ta Jidda, likita ya ce ciwon daji ne a maƙogwaro, kuma ya yi nisa. Ta dawo ba ta iya komai sai raɗa. Ta hana mu gaya wa kowa sunan ciwon. Ni ce na riƙa jan waƙa a ƙananan bukukuwa, amma muryata siririya ce, kamar a sa akuya ta ja kayan raƙumi. Gidajen da suka saba kiranmu suka fara kiran wata ƙungiyar. Matan da ke amsa wa Inna suka riƙa zuwa gaishe ta, su zauna, kowa ya san me ke ransu. Wata a cikinsu ta koma tallar gyaɗa a bakin hanyar Harami, da tsufanta.

Ana cikin haka matar wani attajiri mai shagunan zinariya ta aiko. Za ta aurar da autarta, kuma Inna ce ta shigo da duk yayyen yarinyar, ita ma kanta uwar da waƙar Kaka aka shigo da ita. Inna ta aika mata da gaskiya, cewa ba ta da murya. Matar ta ce ta zo ko zama ne ta yi, idonta kawai take so a wurin. Kowa ya san in muka je muka yi abin kunya a wannan gidan, mun gama. In ba mu je ba ma mun gama. Yaya ne ya kawo maganar kaset ɗin madafa. Ya ce rabin layin nan ya fita tas, zai iya maimaita shi, ya shimfiɗa masa gangar 'yan uwan nan nata a ƙasa, mu kuma mu bi da duffi da amshi. Na ce ba zai yiwu ba, rabin magana ce. Inna ta yafito shi ya kawo kunnensa.

"Yi," ta raɗa masa. "Matan nan suna da 'ya'ya."

Ya yi kwanaki a kai. Daga ɗakinsa ba abin da ake ji sai ƙas, ƙas na maɓalli, da muryar Inna tana cewa ayye ɗiyar mutane, a katse, ta sake cewa. Ita tana kwance a tsakar gida tana jin komai. Ban taɓa tambayarta yadda take ji ba, kuma ba ta faɗa ba.

Ranar bikin, tun kafin magariba gidan ya cika da mata. Muka shiga ta inda muka saba, na gasa fatu a bayan madafa, na ajiye rakodar a gaban makirfo. Inna ta sa koren mayafinta ta zauna a tsakiyarmu da duffi a cinya, ta rame har awarwaronta na zamewa zuwa gwiwar hannu. Ba mu ɓoye wa kowa komai ba, uwar amarya ta sani. Da aka ce ga amarya a bakin matakala, Inna ta gyaɗa mini kai, na danna. Gangar Amurka ta fara faɗuwa, mai nauyi, irin wadda ake ji a ciki kafin a ji a kunne. Sai muryar Inna ta fito a kanta, cikakkiya, lafiyayya, kamar ba abin da ya taɓa samunta.  Sannan guɗa ta ɓarke ta ko'ina. 'Yan matan da ba su taɓa tashi wa kiɗanmu ba, masu cewa na tsofaffi ne, suka zubar da takalma suka shigo fili. Matanmu suna amshi suna hawaye. Na dubi Inna, hannunta yana kan fata yana bugawa daidai, bakinta a rufe, tana kallon ƙasa. Aka sa muka maimaita har batir ya fara ja.

Da za mu tafi uwar amarya ta rungume Inna, ta ce ba a taɓa yin biki irin wannan a zuri'arsu ba. Sai ta ce a bar mata kaset ɗin, tana so amarya ta tafi da shi gidanta don tunawa. Irin wannan gidan ba a ce masa a'a. Inna ta cire shi da hannunta ta miƙa mata.

Na ɗan lokaci abin ya yi mana rana. Aka riƙa kiranmu ana cewa mu zo da na kaset ɗin, Yaya ya sake haɗa wani, mai tallar gyaɗa ta dawo cikinmu. Ba a daɗe ba kiran ya fara raguwa, muka rasa dalili. Wata rana Yaya ya dawo daga aiki fuskarsa kamar an watsa masa toka. Ya ce a motar haya ya ji Inna. Amarya ta ba ƙawarta ta kwafa, ƙawar ta ba wata, har ya kai ga masu shagon kaset. Wani a Jidda ya ƙara masa molon lantarki da tafi, aka buga shi da yawa, aka rubuta a jikinsa kiɗan Takaru na shigo da amarya. Babu sunan kowa. Wanda zai iya sayen kaset ya jona a lasifika, me zai yi da tsofaffin mata da za a ciyar a kuma sallama? Yaya ya bi shagunan ɗaya bayan ɗaya yana roƙo su daina sayarwa. Wani ya ce masa ai wannan tsohuwar waƙar gargajiya ce, ba ta kowa ba. Wani ya tambaye shi, in ta uwarsa ce, gangar da ke ƙasa ta ubansa ce? Ya dawo bai iya cin abinci ba.

Lokacin Inna ta daina tashi. Ko ruwa sai da cokali nake ɗiga mata. An riga an fara rusa hoshin da ke kusa da namu don faɗaɗa wurin masu ziyara, ƙura tana shigowa ta kowace kafa, maƙwabta suna ta ɗaure kaya. Wata la'asar wani gida a bayanmu suna walimar aure, mutanen da Inna ta yi wa kiɗan suna da na aure tun kafin a haife ni. Ba su kira mu ba, kuma ban ga laifinsu ba, su ma tashi za su yi. Sai lasifikarsu ta ɗauka. Na miƙe da sauri zan rufe taga, Inna ta kama bakin zanina. Na zauna. Muka yi ta ji, ayye ɗiyar mutane taka a hankali, ayye ɗiyar mutane taka a hankali, ba ta gaba ba ta baya, mata suna guɗa a kai. Idonta a rufe, na ɗauka barci ya ɗauke ta. Can ta motsa leɓe, na kai kunnena.

"Baiwar Allahn nan ba ta numfashi," ta ce. "Ku ce su bar ta ta huta."

Na ce to, Inna. Ban je ba, me zan ce musu? Ba ta ƙara wata magana mai tsawo ba bayan wannan. Ta cika a cikin makon, maza suka ɗauke ta zuwa Harami aka yi mata salla, aka kai ta Baƙi'a, inda ba a rubuta suna a kan kabari. Ta sami abin da Kaka ta taho nema da ƙafa, wannan kam ba wanda zai ƙwace mata.

Yaya bai sake taɓa rakodar ba. Da aka yi ruwan sama mai yawa a wannan shekarar, kwarin Aƙiƙ ya kawo ruwa, mutanen gari suka fita kallo kamar yadda aka saba, shi kuma ya tafi da buhu a kafaɗa, ya jefa shi a cikin ruwan. Duk kasakasansa ne a ciki, da mai kukan, da matan masu muryar rijiya, da na Ba'amurken, har da na madafa, wanda a cikinsa ne kaɗai ake jin dariyar Inna da garwanin mai ruwa. Ban san da shi a ciki ba sai daga baya. Ya saki gemu, ya zama ba ya zama inda ake kiɗa, ko a bikin 'ya'yansa. Mutane suka ce ya shiryu. Ni na san ba wa'azi ne ya kama shi ba. Har ya rasu ba mu taɓa tayar da maganar ba, ni da shi.

Na ci gaba da sana'ar na ɗan lokaci da matan da suka rage, don ban iya wata ba. Bayan mun tashi daga hoshi aka kira mu wani ƙaramin biki a sabuwar unguwa, na mutanenmu ne, Takaru. Na ce a raina yau zan yi waƙar Kaka yadda take, tunda masu jin Hausa ne. Aka shigo da amarya, na ja layin farko har ƙarshensa, na ce ƙasar ba taku ba ce, na shiga baitin barin Damagaram. Sai na ga rawa ta lafa, 'yan mata suna duban juna. Ƙanwar amarya ta matso kusa da ni, yarinya mai ladabi, ta durƙusa ta yi ƙasa da murya don kada ta kunyata ni.

"Hala, kin yi kuskure," ta ce, yadda suke kiran 'yar uwar uwa da Larabci. "Ba haka waƙar take ba. Yi mana irin ta kaset."

Na dubi matan da ke bayana, suka sunkuyar da kai. Na gyara riƙon duffi na yi musu irin ta kaset. Na maimaita rabin layin nan har aka zaunar da amarya, kuma haka na ci gaba da yi a duk bikin da aka kira ni, shekara da shekaru, har aka daina kira. Ran da na zauna ni kaɗai ina tsince shinkafa na ce bari in bi tafiyar Kaka daga farko, na fito daga Damagaram lafiya, na iso bakin tafki. Daga nan hanya ta ɓace mini. Na san akwai gonakin auduga a gaba, na san akwai inda ake yin shiru, amma sunan yaron da ta binne a can ya tafi, kuma ba sauran wanda zan tambaya.